Hannun Da Ya Fara Zana Su

Ranar da Auta ta fara ganinsa, yana bisa tsani a ƙofar wani shagon ɗinki, gwangwanin fenti rataye a hannunsa, yana rubuta sunan shagon ba tare da ya ja layi ko ɗaya ba. Shekararta ta farko ke nan a makarantar koyon dizain, malamarsu ta tura su ɗauko hotunan rubuce-rubucen titi. Ta ɗaga waya za ta ɗauka, sai ta ji murya daga sama.

"Ki bari ya bushe mana! Ko mutum ai ba a ɗaukarsa hoto da jiƙaƙƙen kai."

Ta yi dariya har wayar ta kusa suɓuce mata. Mai Fenti ake ce masa duk layin. A wajen mahaifinsa ya gaji sana'ar, tare da dabarar yanke bakin burushi a karkace da reza, shi ya sa wutsiyar haruffansa ke fita siririya. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake gwada hannunsa a ciki in babu aiki.

Shekara uku suka yi suna son juna ba hayaniya. Har gida ya zo ya gaida Baba ya faɗi nufinsa. Baba ya ce a bari ta gama karatu tukuna. Umma ba ta ƙi shi ba. Yayanta ne, mai shagon waya, ko sunansa ba ya son ji.

"Mai ƙaurin tinar tsinka fenti? Auta, kina da hankali kuwa?"

Yanzu ga ta zaune a bakin gado, laftof a cinya, littafin mai baƙin bango ɓoye ƙarƙashin katifa, abinci ya huce a gabanta. Wata biyu ke nan ba ta iya haɗa ido da shi.

Aikin kammala karatu ne ya jawo. An ce kowa ya ƙirƙiro salon haruffa nasa na kansa. Ta yi sati uku tana zane tana gogewa, duk abin da ta fitar sai ya yi kama da na intanet. Sai ta ce wa Mai Fenti ya ara mata littafinsa ta duba. Ya miƙa mata da hannu biyu, bai ko tambaye ta ba. Ta ɗora shafukan a sikana ta ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, ta bi gefen kowane harafi a kwamfuta, ta miƙar da inda hannunsa ya ɗan yi rawa. A shafin ƙarshe, inda ake rubuta wajen da aka samo basirar aiki, ta rubuta sunansa. Daidai lokacin Yaya ya turo ƙofa ya tsaya a bayanta yana leƙa allon. Kafin ya sunkuyo ta goge. Da ya fita ba ta mayar ba. Ta nemo sunayen manyan masu dizain uku na ƙasashen waje ta jera a wurin.

Aikin ya zo na ɗaya. Wani kamfanin talla ya ce ta zo ta fara horo a wajensu ƙarshen wata. Yaya ya sa hoton aikin a wayarsa yana nuna wa duk wanda ya shigo shago.

"Auta! Taso mu je, ki raka ni," Yaya ya ƙwala mata kira daga tsakar gida, tana nan zaune a bakin gadon.

Sai da suka shiga layin ta gane inda za su. Layin Mai Fenti ne. Yaya ya buɗe sabon shago, ya buga sunan shagon a firinta da haruffanta, yana son a rubuta masa a babban allo.

Mai Fenti ya goge hannu a tsumma ya gaishe shi. Yaya ya ajiye takardar a kan benci.

"Ka ga aikin waɗanda suka yi karatu? Kwafa kawai za ka yi. Kada ka sa min wannan naka na gargajiya a ciki. Za ka iya dai ko?"

Mai Fenti ya ɗauki takardar. Ya daɗe yana kallo. Ya sa ɗan yatsa ya bi wutsiyar harafin farko har ƙarshenta.

"Wa ya zana, Yallaɓai?"

"Ƙanwata mana! Ta ɗaya a ajinsu."

Ya ɗago ya dubi Auta. Ita kuwa takalminta take kallo.

"Hannun ya iya," ya ce a hankali. "Jibi a zo a ɗauka."

Suna juyawa ta waiga. Ta gan shi ya ɗauko rula da alli yana jan layi a kan allon, yana aunawa yana duba takardar, kamar ɗan koyo. Abin da ya fito daga hannunsa ne yake kwafa, har da wuraren da ta miƙar masa. A mota ta ce wa Yaya ƙura ce ta shigar mata ido.

Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Umma ta taɓa goshinta.

"Ba zazzaɓi. To mene ne? Ko kun yi faɗa ne da mutumin naki?"

"Ba komai, Umma."

"Ba komai ne ya mayar da ke haka kamar tsinke?"

Ranar da aka kafa allon, Yaya ya dawo da rana cike da murna, ya tarar da Baba a falo yana shan shayi. Ya zauna ya fara.

"Baba, tunda ta gama karatu, a ba yaron nan amsa ya huta. Ni dai a'a na ce. Ita kamfani ke nemanta, shi kuma aikinta yake kwafa a bakin titi. Ina haɗinsu?"

Baba ya ajiye kofi. "Ku kira min ita."

Ta shigo ta durƙusa. Baba ya ce, "Kin ji abin da yayanki ya ce. Me kika gani?"

Ta san in ta yi shiru, shi ke nan, an rufe maganar. In ta yi magana kuma, kamfanin da matsayin na iya tafiya. Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta dawo da littafin. Ta buɗe shi a gaban Baba, ta ajiye takardar Yaya kusa da shi.

"Baba, ba shi ya kwafe ni ba. Ni ce... ni ce na kwafe shi." Kuka ya ƙwace mata. "Nasa ne! Duka nasa ne. Na rubuta sunansa, Yaya ya shigo, na ji kunya na goge."

"Kunya?" Baba ya maimaita. "Kunyar wa?"

Yaya ya fizgi littafin yana juya shafuka da sauri, sannan ya rage sauri, sannan ya tsaya.

"Amma... ai a gabana ya karɓa. Bai ce komai ba!"

"Shi ya sa kai ma ya kamata ka yi shiru yanzu," in ji Umma daga bakin ƙofa.

Baba ya rufe littafin ya miƙa mata. "Gobe da safe ki je wajen malamarku ki faɗa mata da bakinki. Abin da ta yanke ki karɓa. Daga can ki wuce ki mayar wa mai abu abinsa."

Malama ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi yi wa Auta zafi.

"Da kin rubuta sunansa, da ba ki yi laifi ba," ta ce. "Kowane mai zane a wani waje yake ɗebowa. Har na fi son in ga ɗalibata ta ɗebo daga titinmu. Goge sunan ne sata."

An janye matsayin. An ba ta wata uku ta sake miƙa aikin da bayanin gaskiya. Kamfanin ya ɗauki wadda ta zo ta biyu.

Ta sami Mai Fenti yana wanke burushi. Ta ajiye littafin a kan benci ta tsaya, hawaye na zuba.

"Ka yafe min. Me ya sa ba ka tona ni ba ranar nan?"

"A gaban yayanki? In na tona ki, wa na tozarta?" Ya girgiza burushin. "Kada ki zaci bai yi min ciwo ba. Ya yi. Rabin allon nan da ƙyar nake ganin layin. Amma na ce in dai ke ce wadda na sani, za ki dawo da ƙafarki."

"Da ban dawo ba fa?"

"Da na ci gaba da fenti," ya ce, ya ɗan yi murmushi. "Kuma gaskiya kin ɓata min wasu. Rawar nan da kika miƙar, da gangan nake yin ta."

Ta yi dariya cikin kuka.

Bayan sati guda Baba ya aika a kira Mai Fenti. Ya ce wanda aka taka a gaban mutane ya rufa wa wanda ya taka shi asiri, shi ne irin wanda ake ba wa 'ya. Ya juya ga Auta ya ce ta riƙe wannan har tsufanta: ilimin da zai sa mutum jin kunyar wanda ya koya masa bai amfane shi ba tukuna, kuma haƙurin wani ba izinin zaluntarsa ba ne. Yaya ya yi ta sosa ƙeya, daga ƙarshe ya miƙa wa Mai Fenti hannu.

"Allon ya yi kyau, surukina. Sai dai har yanzu kana ƙaurin tina."

Duka falon aka yi dariya, ban da Auta. Ta gyara zama ta dubi Mai Fenti ido cikin ido, karon farko cikin wata biyu.

"Baba, Umma, Yaya, ku zama shaida. Na yi maka alkawari, duk aikin da hannunka ya taɓa, sunanka zai fito a kai kafin nawa. Kuma ba zan sake jin kunyarka a gaban kowa ba, har ranar da mutuwa za ta raba mu."