Jan Ɗigo a Gefen Zanen Lamiley

A bakin tekun Jamestown Ayikwei ya fara ganin Lamiley, tana juya kifi a kan banda, hayaƙi yana zagaye ta a hankali. Shi mai zane ne, baƙar fata kaɗai yake zanawa. Ya daɗe a tsaye.

"Mai fenti, kifi za ka saya ko kallo?"

"Launin hannunki nake nema. Shekara biyu ina haɗa fenti ban same shi ba. Akwai shuɗi a ciki, akwai zuma."

"Akwai dai hayaƙi," ta ce tana dariya.

Wata uku tana zuwa da la'asar ta zauna masa. Ya zana wuyanta da kafaɗarta, har da tabon ƙunar da ke damtsenta.

Babanta Nii Okai, tsohon masunci, bai so ba. Ya nuna gidan da aka taɓa tsare bayi. "Daga nan aka loda kakanninmu a jirgi. 'Yata ba za ta haye teku ta rataya a falon wani ba, ko da a zane ne."

Ayikwei ya yi alkawarin ba zai sayar ba.

Ranar da aka baje kolin zane-zanensa a wani zauren nuni, Kotey, ma'aikacin wurin da ya daɗe yana son Lamiley, ya nuna mata jan ɗigo manne a gefen zanenta.

"Kin san ma'anarsa? An sayar. Haɗa kaya, 'yan mata, sai Landan!"

Ta fita ba ta waiwaya ba. Daga gida ta tura wa Ayikwei saƙo:

"Ashe Baba ya fi ni saninka. Allah ya sa wa cinikin albarka."

Amsa ta shigo:

"Baƙar zumata, ni na manna ɗigon tun ba a buɗe ƙofa ba, don kowa ya ɗauka an riga shi saye. Leƙo waje."

Ta leƙa. Ga shi tafe da zanen a ka kamar mai talla. Ya durƙusa, ya ajiye shi gaban Nii Okai.

Tsohon ya daɗe yana kallo. "Masu hoto kullum sai sun ƙara mata fari. Kai ka bar min ita yadda aka haife ta." Ya goge ido. "Wannan mai shirun ta cikin zanen tawa ce. Waccan mai tsiwar kuwa, turo manyanka su ƙwanƙwasa ƙofa su nema maka aurenta."

Ranar Talata aka yi bikin, ranar da masunta ba sa shiga teku, don haka duk unguwa ta zo. Nii Okai ya haɗa hannuwansu.

"Allah ya zaunar da ku a nan gabana, ya ba ku 'ya'ya masu kama da uwarsu."