Kocin 'Yan Mata

Da sanduna biyu ya shigo ɗakin gashin ƙashi, gwiwa a naɗe. Ma'aikatan asibitin suka yi masa caa, kowa na son hoto da Guguwa, shahararren ɗan ƙwallo mai lamba tara. Ita kuwa likitar da aka ba aikinsa ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kwanta. Lanƙwasa ƙafar."

"Ba ki san ni ba ne?"

"Na san gwiwarka ta lalace."

Wata shida tana koya masa tafiya. Ƙafar ba ta sake iya ƙwallo ba, amma kafin ya ajiye sandunan ya fara kiranta Likitata, ita kuma ta daina hana shi.

Da maganar aure ta taso, babanta ya ƙi. "Ɗan ƙwallo babu ƙafa, ga 'yan mata bayansa kamar ƙuda? Ya nemo sana'a tukuna."

Ya nemo kuwa. Ya yi kwas, ya zama koci. Ta yi murna har da ƙwalla, sai daga baya ta ji ƙungiyar mata aka ba shi. Mata ashirin da biyu!

Ranar da suka ci kofi ta ga kyaftin ɗinsu a talabijin, wata doguwa mai wushirya, tana cewa, "Koci ne komai namu."

Nan take ta tura masa saƙo: "Barka, komai nasu."

"Likitata, fushi ake yi?"

"Ni a wa? Je ka, mai wushirya na jira."

Kwana uku ba ta ɗauki wayarsa ba. A na huɗu zuciya ta ci ta, ta nufi filin atisaye don ta kama shi dumu-dumu. Ta raɓe bayan benci. Ga shi can da usur a wuya, fuska a murtuke.

"Kyaftin, gudu kike ko yanga? Ƙaro zagaye biyar!"

Kyaftin ta zo wucewa tana haki, ta ja ta tsaya. "Anti! Ba hotonki ne a wayarsa ba? Don girman Allah ki ɗauki kiransa. Kwana uku ke nan yana gana mana azaba!"

Sauran suka yanyame ta. "Ki cece mu, Anti!"

Kunya kamar ta nutse. Ya ƙaraso yana danne dariya.

"An zo bincike? Me aka samu?"

Ta murguɗa baki. "Har yanzu ban yarda da wushiryar nan ba."

"To ki aure ni, ki riƙa zuwa gadi kullum."

Ashe Baba ma ya kalli wasan kofin. "Yaron ya san aikinsa," ya ce. "Sai ya turo iyayensa. Amma ki gaya masa masu tsaron bayansa na da sakaci."

Ranar aure ya zaunar da su gabansa. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ke kuma, Allah Ya rage miki kishi."

"Amin, Baba!" ango ya faɗa, har ya riga kowa.