Alkukin da Aka Toshe da Siminti

Ranar da jifan farko ya sauka, Iya Tambaya tana tsakar gida tana tsince shinkafa, rana ta yi ja a bayan gonakin albasa. Injin ban-ruwa na bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, ya yi shiru. Kaji suka shige akurki tun ba a kora su ba. Sai wani dunƙule ya faɗo cikin faifanta, ya watsar da shinkafar. Ta ɗauka ta duba. Gutsuren siminti ne, da zafi kamar daga murhu aka ciro shi.

Ta san inda ya fito. Soron gidan nan mahaifinta ne ya gina shi, ya yi masa rufin azara, ya cika bangon da zanen dagi. Da bai samu ɗa namiji ba, ita ya koya wa zanen, ita kuma ta gaji gidan. Kowace kaka sai ta jiƙa ɓawon ɗorawa ta haɗa makuba, a sake yaɓe. Doka ɗaya ya bar mata: alkukin bangon gabas, ramin nan na ajiye fitila, kada a kuskura a toshe shi. Bai faɗi dalili ba.

Bara wasu ɗalibai suka zo daga Kano da malaminsu, suka yi ta ɗaukar hoto, suna roƙon a kula da ginin. Ɗanta Mudassiru ya ce talaucinsa aka zo kallo. Da tumatir ya yi kasuwa, ya jira ta tafi biki Madobi, ya shafe bangon kaf da siminti, har alkukin.

Kwana bakwai ana jifa, kullum daf da magariba. Aka fasa randa. Aka fashe kan tunkiya, ta mutu tana shure-shure a bakin rijiya. Ana jin numfashi mai nauyi a cikin bango, kamar na wanda aka danne wa ƙirji.

A rana ta takwas abin ya kama Saliha, 'yar Mudassiru, budurwa mai sanyin hali. Suka iske ta a soro tana yaƙushin siminti, farcenta biyu sun cire, jini na bin bangon. Da ya ƙi ɓallewa, ta koma buga goshinta. Uban ya cafke ta ta baya. Ta kama hannunsa na dama, wanda ya yi shafen, ta murɗe. Iya ta ji ƙarar ƙashin daga bakin ƙofa.

Washegari bayan la'asar aka ɗauko Malam Isiyaku daga Bunkure, dattijo mai ruƙiyya, marar yawan magana. Maza huɗu ne suka danne yarinyar a tabarma. Ya daɗe yana karatu kafin ta buɗe baki, muryar da ta fito kuwa ta tsoho ce, a shaƙe.

"Daina ƙona ni, Malam. Ba ni na fara ba."

"Wane ne kai?"

"Na riga kakan kakanta zama a filin nan. Magini ya sare tsamiyata, ya biya ni da rami ɗaya. Shekara tamanin ban taɓa ko kazarsu ba. Yanzu wata huɗu ina rufe. Ruwan kanal na hawa bango ta ƙasa, siminti ya hana shi fita, ina ruɓewa tare da ƙasar. Yadda aka toshe ni, haka zan toshe ta."

Nan take wuyan Saliha ya kumbura, idanunta suka firfito, leɓɓanta suka yi baƙi.

"Sake ta!" in ji Malam.

"A ba ni hannun da ya yi shafen. Ko baƙin bunsuru."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Ko ɗigon jini ba za ka gani ba."

Iya ba ta jira su gama ba. Ta fizgi taɓarya, ta nufi bangon gabas.

"Iya, kuɗina ne a jikin bangon nan," in ji Mudassiru, yana rungume da karayarsa.

"Kauce, sakarai, ko in karya ɗayan. 'Yarka ce ke mutuwa."

A bugu na huɗu simintin da ya rufe alkukin ya zube gaba ɗaya, kamar ɓawon gyambo. Ƙasar da ke bayansa jiƙe take sharkaf, tana wari, rabin zanen ya narke. Iska mai sanyi ta fito daga alkukin. Saliha ta ja numfashi da ƙarfi.

"Ga raminka," in ji Iya. "Fita daga jikin jikata."

"Ke kin kusa kabari, Tambaya. Wa zai yi yaɓe bayanki?"

"Ban mutu ba tukun. Zan koya mata, ita da duk wanda ya kawo hannunsa. Don ginin ubana zan yi, ba don kai ba."

Malam ya sa aljanin ya rantse sau uku ba zai sake shiga jikin ɗan Adam ba. Ƙaramin yatsan ƙafar yarinyar ya yi rawa, ta yi atishawa, ta fashe da kuka tana kiran kakarta.

Da kaka ta kama, aka ɓamɓare sauran simintin. Mudassiru ya tattake ƙasa da ƙafa, hannunsa bai sake miƙewa daidai ba. Iya ta tsaya a kan Saliha da ɗaliban nan da suka dawo koyon yaɓe, tana buge hannun duk wanda ya yi gaggawa.

Rannan ta waiwaya ta ga Saliha ta zagaye alkukin da wani zane mai lauje uku. Iya ta san shi, zanen mahaifinta ne. Ya goge tun tana yarinya, ita kanta ba ta taɓa iya shi ba.

"Wa ya nuna miki wannan?"

"Wanne, Iya?"

Iya ta daɗe tana kallon ramin. Sannan ta juya ga ɗanta.

"Ƙaro makuba. Kuma kada kowa ya taɓa wurin nan."