Inuwar Mai Hoto

"Yankewa ka yi?! Dogo, da hannunka ka yanke?"

Auta ce tsaye a tsakiyar ɗakin adana tarihi, inda ƙurar tsofaffin takardun haihuwa da na filaye ke sa mutum atishawa. A bango ga hotunan da marigayi mahaifinta ya ɗauka an jera: tsohuwar kasuwa, ranar buɗe gada, 'yan makaranta a layi. Duk an datse musu gindi.

Dogo, ma'aikacin ɗakin, wanda saura ƙiris a sa musu ranar aure shi da ita, ya ajiye almakashi.

"Haba zuciyata... firam ɗin da aka ba mu ƙanana ne. Wani baƙin tabo kawai na cire a ƙasa, yana ɓata hoton."

"Tabo?" Muryarta ta karye. "Babana ne tabon!"

Yaran yanzu kenan. Sai su gyara abin da ba su tambayi asalinsa ba.

Shi mai hoto, Allah Ya jiƙansa, ya ɗauki garin nan kaf, amma bai taɓa tsayawa an ɗauke shi ba. Rana yake ba wa baya in zai yi aiki, don haske ya faɗa kan fuskokin mutane, sai inuwarsa ta zube a ƙasan hoton: kai, kafaɗa, da gwiwar hannu a ɗage. Iyakar abin da ya bar wa iyalinsa na kamanninsa kenan. Mama ba ta yarda akwatin hotunan ya bar ƙarƙashin gadonta ba sai da Auta ta ce, "Dogo ne fa zai riƙe."

"Ina guntayen?"

Ya sunkuyar da kai. "Mai shara ta kwashe... an ƙone."

Ta juya ta fice.

A gida ta tarar da Mama ta goge mayafinta, tana shirin zuwa kallon bangon. Auta ta durƙusa ta faɗa mata. Mama ba ta yi kuka ba. Ninke mayafin ta yi, ta mayar cikin akwati.

"Sau biyu kenan na binne shi," ta ce. "Ki gaya wa yaron nan kada ya sake tako mini ƙofa."

Gidan ya yi tsit na tsawon kwanaki. Mama kan leƙa ƙarƙashin gado, ta ga wayam, ta miƙe. Auta kan zuba abinci kwano biyu, ta kwashe kwano biyu. Dogo ya yi ta kira, ta kife wayar. Tana son sa, wannan ba ƙarya. Amma da wane baki za ta roƙi uwarta?

Wata la'asar Dogo ya yi sallama, ya tsaya daga waje, duk ya faɗa.

"Ban zo neman afuwa ba, Auta. Sata na zo mayarwa."

"Sata kuma?"

Ya zaro hoto daga aljihun ƙirjinsa. Ita ce tana 'yar ƙiriniya, a ƙofar gidan nan, ba haƙoran gaba, takalmi ƙafa ɗaya.

"Ranar da kika kawo akwatin na ɗauke. Na ce wannan ba na gari ba ne, nawa ne."

"Ɓarawo! Ka rasa wanda za ka sata sai mai giɓi?"

Tana cikin dariya sai ta tsaya cak. A ƙasan hoton, ga inuwar nan cikakkiya, ta miƙo har ta rufe ƙafafun yarinyar.

"Baba..."

Da gudu ta shiga ciki. Mama ta karɓa, ta matsa kusa da taga, ta daɗe tana shafa gefen da yatsa.

"Kullum sai ka sa mu kallon rana har idonmu ya yi ruwa," ta ce a hankali, ba da Auta take ba. "Yau ma ga shi."

Auta ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ciki, ba ta waje.

Can Mama ta jingina hoton a kan kujerar marigayin, wadda ba a zama a kai tun rasuwar. Ta share fuska da gefen zani.

"Yaron yana nan har yanzu?"

"Yana nan, Mama."

"To, ki ce ya cire takalmi ya shigo. Ya zo ya gaida surukinsa."