Ba a Cewa Na Tafi

"Yau ɗin dai, Shiuli. Kin yi mini alkawari," in ji Rezwan.

"Ka rage murya, don Allah..."

"Muryar ta fi haka raguwa? Tun daga Rajshahi nake maƙure a kujerar baya kamar wanda ya sato akuya."

Shiuli ta waiga ta dubi motar. Doguwar bas ce ta ƙungiyar malaman makaranta masu ritaya, wadda duk lokacin sanyi take kwasar tsofaffi da iyalansu a kai su ganin tsofaffin gidajen zamindar, masu ƙasa na zamanin da, da lambunansu a ƙauyukan Natore. An tsaya shan shayi a bakin hanya. Ta taga tana hango farar hular mahaifinta, tsohon malami Masta Ekram. Ya juya fuskarsa wajen rana yana jin ɗuminta, don tun da ciwon ido ya ci ƙarfinsa, haske da duhu kawai yake bambancewa.

"Takardar tafiyata ta fito," in ji Rezwan. "Kamfanin na Koriya ba zai jira ni ba. Ina son a ɗaura mana aure mu tafi tare. Mene ne laifi a ciki?"

"Ka ba ni zuwa la'asar, masoyina."

"Tun bara kike ce mini zuwa la'asar."

Ita da kanta ta samo masa kujera a motar, ta ce wa shugaban ƙungiya ɗan 'yar'uwar wani malami ne. Dabararta ita ce Abba ya fara jin muryarsa, ya ga hankalinsa, sannan a yi maganar. To, dabarar mai jin tsoro ce, kuma ita ma ta sani.

Tsoron nata yana da tushe. Yayanta Shamim, shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, ya tafi aikin gini Malesiya. Ranar tafiyarsa ya rataya jaka yana dariya ya ce, "Abba, na tafi." A al'adar ƙasarsu mai fita daga gida ba ya faɗin haka, sai dai ya ce ina zuwa, na gida su amsa masa da cewa zo. Abba ya biyo shi har bakin titi yana cewa, "Gyara bakinka, yaro, ba a cewa na tafi." Shamim ya ɗaga hannu daga cikin keke mai ƙafa uku, bai gyara ba. A cikin akwati aka dawo da shi. Daga baya mahaifiyarsu ta bi shi, sai ya zamana gidan daga Abba sai Shiuli. Ita ce idonsa, ita ce mai ɗiga masa magani, ita ce mai cire masa ƙayar kifi.

Da aka koma mota, Rezwan ya tsaya daidai kujerarsu da kofin shayi a hannu.

"Malam, ga shayi, bai yi sukari da yawa ba."

"Allah ya yi albarka, Babana. Wane ne?"

"Rezwan sunana."

"Rezwan..." Abba ya juya sunan a bakinsa, ya kurɓi shayin. "Wa ya gaya maka ba na son sukari?"

Shiuli ta ji kamar kujerar ta haɗiye ta. Gwaggo Monowara, ƙanwar Abba, da ke zaune a bayansu tana taunar ganyen pan mai rina baki kamar goro, ta leƙo da jan bakinta ta ce, "Yaya, ai duk wanda ya ga fuskarka ya san ba ka san zaƙi ba." Aka yi dariya, maganar ta wuce.

A gida na farko, aikin Shiuli shi ne na kullum. Tana riƙe da gwiwar hannunsa, tana faɗa masa abin da ke gabansu.

"Me muke wucewa, Mamana?"

"Ginshiƙai ne dogaye, Abba, farare, saiwar bishiya ta fasa wasu."

"A hagu fa?"

A hagu Rezwan ne tsaye jikin wata tsohuwar ƙofar katako, yana mata alama da agogon hannunsa.

"Furanni ne... jajayen wardi, sun cika wurin."

"Wane wardi?" in ji Gwaggo. "Kabeji ne mai gadi ya shuka. Ke 'yar nan, idonki ɗaya ne da na ubanki?"

Abba ya yi murmushi. Shiuli kuwa kunya ta rufe ta har wuya. Mutumin da ya ba ta amanar idonsa, ta sayar masa da kabeji a matsayin wardi.

Da azahar suka isa gidan Kusumpur, wanda ya fi kowanne girma. Daga ƙofar ƙarfe, hanya ce doguwa mai jerin giginya hagu da dama, ta miƙe har gaban gidan. A bayansa akwai babban tafki mai matakalar dutse, sai lambun mangwaro da ya girmi kakannin kowa. A nan masu girki suka kafa tukwane, aka ci khicuri, wato dafa-dukan shinkafa da wake, da naman sa da soyayyen gauta. Bayan salla tsofaffi suka baje a tabarmi, masu gardamar siyasa na yi, masu minshari na yi.

Abba ya ce a kai shi bakin tafki. Ta zaunar da shi a matakala ta sama, ta gyara masa mayafin ulu, ta jingina sandarsa kusa da hannunsa.

"A nan na fara ganin mahaifiyarki," ya ce. "Makarantarsu ta zo yawo, tamu ma ta zo. Takalminta ya faɗa ruwa."

"Ka sha ba ni labarin, Abba."

"Na sani. Daɗinsa nake ji."

Can tsallaken tafki Rezwan ya ɗago mata hannu, ya nuna bayan gidan. Ta miƙe tana gyara gyalenta, hankalinta ya riga ƙafarta yin gaba.

"Abba, na tafi... in samo maka ruwa."

Har ta yi nisa ba ta ji abin da bakinta ya faɗa ba.

Ta iske Rezwan a wata baranda da rufinta ya zube. Ya share mata gefen dakali da hankicinsa, ta ƙi zama.

"Ba zan iya ba, Rezwan."

"Shiuli..."

"Ka gan shi. Ko maɓallin rigarsa ni nake saka masa. In ce masa me? Abba, ɗanka ya tafi ƙasar waje ya dawo a akwati, ni ma ga ni zan bi?"

"Ban ce ki zaɓa tsakanina da shi ba."

"Ba ka ce ba, amma zaɓin ne."

Idanunsa sun kaɗa, ya kawar da kai.

"Na nemi aiki a nan har takalmina ya cinye, kin sani. Ƙannena huɗu ni suke kallo. Da ni kaɗai ne, wallahi da na zauna ina saka masa maɓallin tare da ke."

"Na sani, rabin raina. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Ta yi kuka, ya tsaya yana kallonta hannuwansa a baya, don ba shi da ikon share mata hawaye tukuna. Sun daɗe a haka, fiye da yadda ta zata. Sai da ta ɗauki gorar ruwa ta nufo tafkin, kalmar ta dawo mata kamar an watsa mata ruwan sanyi. Na tafi. Ta faɗa masa na tafi.

Ta sa gudu.

Babu kowa a matakalar. Mayafinsa na nan a yashe, takalminsa ƙafa ɗaya yana matakala ta ƙasa, dab da ruwa.

"Abba!"

Tafkin ya yi lumui, ko motsi babu. Rezwan ya iso, ya riga ya fara cire rigarsa zai faɗa ruwan, sai wani tsoho mai riƙe da buta ya ce, "Masta Ekram kuke nema? Ai ga shi can ya miƙi hanyar giginya. Na ce in raka shi, ya ce in kula da butata."

Sun same shi a ƙarshen hanyar, ya dafa ƙofar ƙarfe yana mayar da numfashi. Ƙafarsa ɗaya ba takalmi. Gwiwar farin wandonsa ta yi taɓo, tafin hannunsa ya kuje yana tsatsar jini. Can baya kaɗan Gwaggo Monowara ce tsaye, ta riƙe silifas ɗinta a hannu, ta ɗora yatsa a baki.

Shiuli ta zube a gabansa ta kama ƙafarsa.

"Abba, ka yafe mini... na bar ka, na yi maka ƙarya, na..."

"Sau ɗaya na faɗi," ya ce, da alfahari a muryarsa kamar ɗalibin da ya ci jarrabawa. "Daga tafki har nan, sau ɗaya tak. Ki tambayi Monowara, tana biye da ni tana tsammanin ban sani ba. Ƙamshin pan ɗinta ko gawa ya tayar."

"Kai dai ba ka da godiya, Yaya," in ji Gwaggo, tana share ido da bakin zanenta na sari.

"Me ya sa ka taso, Abba? Da ka faɗa ruwan fa?"

"Na so in gwada ne. Tashi, Mamana, mutane na kallo." Ya lalubo kanta ya dafa. "Ina yaron mai shayi?"

"Ga ni, Malam."

"Muryarka na sani tun kafin yau. Ita ce take fitowa daga wayar 'yata in ta shige kicin ta kunna famfo wai don kar in ji. Ido aka karɓe mini, ba kunne ba. Koriya, ko?"

Rezwan ya sunkuyar da kai. "E, Malam."

"Na daɗe ina jira ta faɗa mini. Na ce in ta yi shiru, ni ma zan yi shiru, wataƙila ka gaji ka tafi ka bar mini ita." Ya sake dafa kanta. "Kun ga ni ma ba wankakke ba ne. Ina jin yarinya tana kuka a kan dardumar salla, ina yin kamar barci nake. Yau da ta ce na tafi, na gane baki ne ya gaji da riƙe abin da ke cikin zuciya."

"Kuskure ne, Abba. Ba inda za ni. Na rantse ba..."

"Kar ki rantse. Wadda ta mayar da kabeji wardi ai ta riga ta yi nisa."

Gwaggo ta fashe da dariya cikin kuka. Shiuli ba ta iya dariyar ba. Jinin da ke tafin hannunsa take kallo, tana goge shi da gefen gyalenta, yana sake tsatsowa.

"Wa zai ɗiga maka magani? Wa zai cire maka ƙaya?"

"Ni mutuwa na yi?" in ji Gwaggo. "Tun rasuwar mijina nake cewa in dawo gidan, ya ce surutuna zai kashe shi. To yanzu sai ya zaɓa, surutuna ko ƙayar kifi."

"Ƙayar ta fi sauƙi," in ji Abba. Ya miƙa hannu cikin iska. "Babana, matso."

Rezwan ya durƙusa ya taɓa ƙafarsa, wadda ba takalmi. Abba ya shafa fuskarsa a hankali, goshi, hanci, haɓa.

"Ka turo manyanka. Abu ɗaya nake roƙo. Na ba ƙasar waje ɗa, abin da ta mayar mini kun sani. Wannan da ƙafarta nake so ta dawo."

"In sha Allahu, Malam."

"Abba za ka ce."

An ɗaura auren kafin sanyi ya wuce. Kowa ya ce amarya ta yi kyau, kowa kuma ya ce ta cika kuka. Ba wanda ya san cewa duk loma ɗaya da ta kai baki a kwanakin nan, sai ta tuna gwiwar wandon nan mai taɓo. Ta koya wa Gwaggo yadda ake ɗaga fatar idonsa, da inda yake ajiye carbinsa, ta maimaita har Gwaggo ta ce, "Ke, na rene ki fa."

Ranar tafiya, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gida. An gama loda akwatuna. Abba ya fito da sandarsa, ya tsaya daidai inda ya tsaya ranar tafiyar Shamim. Shiuli ta rungume shi, ta sa fuskarta a mayafinsa mai ƙamshin man mastad.

"Faɗi mana, Mamana," ya ce a hankali. "Ina jira."

"Abba..."

"Faɗi daidai."

"Abba... ina zuwa."

Ya sauke numfashi, ya sake ta.

"Zo, Mamana. Zo."

Motar ta tashi. Rezwan ya riƙe hannunta, ita kuwa ta juya tana kallon baya ta gilashi. Abba na tsaye ya ɗaga hannu yana ta kaɗawa, amma wajen katangar maƙwabta ya fuskanta. Sai ta ga Gwaggo ta kama kafaɗunsa, ta juyo da shi a hankali wajen titi.