Hanjin da Mala Ya Kai Gindin Rimi

Ni dai kowa a Fagge ya san ni da tsokana. Shi ya sa da Madam Ogechi ta shigo shagona na ɗinki, na zaci ƙarata aka kai mata. Ita ke riƙe da wata ƙungiyar kare tsuntsaye da namun daji a Sabon Gari. Ta ce 'yan ungulayen da suka rage a wani tsohon rimi bayan tashar jirgin ƙasa, wani na kashe su da guba yana sayar wa masu magani kawunan.

"Mun kafa allo an tuge. Malam Abdulrauf, tunda ka iya firgita mutane, firgita mana wannan."

Na san mai yi. Mala ne, mahaucin layinmu. Na ce ta bar min shi.

Ranar Laraba gab da magariba na ɗauki farin zanin gado da mazurarin kananzir, na tsuguna bayan saiwar rimin. Wurin sai warin kashin tsuntsu da baƙin mai. Can sama ungulayen sun jeru, ko motsi babu.

Sai ga Mala da baƙar leda. Ya zazzage hanji a ƙasa, ya barbaɗa masa wata shuɗiyar hoda, yana cakuɗawa da kara.

Na kafa baki a mazurari. "Malaaa. Kwashe namanka."

Ya sandare. Ni kuwa dariya nake dannewa har cikina na ƙullewa.

Sai aka yi magana daga saman kaina, a hankali, kamar ana jan ƙarfe a kan siminti.

"Ƙyale shi. Shi zai fara ci."

Wani abu ya gangaro ta jikin rimin, kai a ƙasa. Kamar tsoho. Kansa ja, babu gashi, wuyan dogo duk tamoji. Warin mushe ya toshe min numfashi.

Mala ya zaro wuƙa ya kai sara. Na ji ƙas. Hannunsa ya lanƙwashe ta baya.

Abin ya danne shi, ya sa farata ya ɓare bakinsa har leɓe ya tsage. Ya shiga tura masa hanjin. Mala na shure-shure. Kumfa da jini.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na watsa wa abin zanin a ka, na cafi ƙafar Mala na ja.

Farce ya sauka a ƙeyata. Ɗumi ya bi gadon bayana.

"Kai kuma," aka raɗa min a kunne, "kar ka ƙara magana a madadina."

Haka na ja Mala a kan tsakuwar layin dogo har bakin titi. Wani mai adaidaita sahu ya kai mu asibiti. Aka wanke masa ciki, ni aka ɗinke min ƙeya.

Tun daga ranar ba a sake tsintar gawar ungulu a wurin ba. Madam Ogechi ta ce in riƙa zuwa duk mako, ƙungiya za ta ba ni riga da hula. Na ce ta riƙe kayanta.

Mala ya tashi, ya bar fawa. Jiya matarsa Yakaka ta kawo ɗinki, ta tsaya tana murza bakin mayafi.

"Mala yana cin abinci kuwa?" na tambaye ta.

Ta rage murya. "Nama kawai. Shi ma sai ya kwana uku ya fara wari."