Laimar Ɗakin Auta

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa sa'ad da Tela ya sauko daga bene da jarka a hannu. Ruwa zai ɗebo, amma ba na sha ba, ba na wanka ba. Na maciji ne.

Mesa ce, tana zaune cikin akwatin gilashi a ɗakin ɗansa Auta. Autan ne ya raɗa mata suna Uwar Ɗaki, wai don ba ta aikin fari ba ta na baƙi, sai dai a yi mata hidima. Da can Tela ko ƙofar ɗakin ba ya son bi. Yakan ce, "Mutane na kiwon kaza su ci ƙwai, kai kana kiwon abin da zai haɗiye kazar." Auta ya yi ta dariya. To, bara wani ciwo ya ɗauke Auta farat ɗaya. Uwarsa dama ta daɗe da rasuwa, yayarsa kuma tana aure a wani gari mai nisa. Gida ya koma daga Tela sai keken ɗinki sai mesa. Masu so sun zo, ya ce ba ta bayarwa ba ce. Ita kaɗai ce abin da Auta ya bari mai numfashi.

Garin kuwa busasshe ne na a-zo-a-gani. Ka shanya wanki, kafin ka juya ya bushe ƙamas. Mesa kuma 'yar dausayi ce, laima take so, balle lokacin saɓa. Auta ya liƙa wani ɗan agogon auna laima a jikin gilashin, kuma kwanakin nan allurarsa ta kwanta a ƙasa ta ƙi tashi. Saɓar ta maƙale. Ta fita guntu-guntu, ta bar tsohuwar fata a kan idanun Uwar Ɗaki, fari fat kamar yanar ido. Tela ya tuna abin da yaron ya sha faɗa: in wannan fatar ta daɗe, ido ya tafi ke nan. Ruwan saman da Auta ya tara a duro ya ƙare, na famfo kuma warin magani yake yi, kuma Auta ya hana a fesa mata shi.

Shi ya sa ya nufi tsohuwar rijiyar da ke bayan masana'antar ƙanƙarar da aka rufe tun shekarun baya.

Hanyar ba kowa. Busassun ganye ne kawai ke ƙara a ƙarƙashin takalminsa. A bakin ƙofa ya tarar da maigadi zaune a kan benci, rediyo a cinya, a kashe.

"Sannu da hutawa. Ruwa nake so in ɗiba a rijiyar nan."

Maigadi ya dubi jarkar, ya dubi sama inda haske ke janyewa. "Yanzu, Baba? Ka bari sai da safe mana."

"Mai ciwo ba ya jiran safiya."

Maigadi ya sassauta murya. "To ɗiba. Amma ka bar shi a waje ya sha iska. Kar ka shiga da shi ɗaki ka rufe."

Tela ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa yaro don ya yi shiru.

Rijiyar na da zurfi. Guga ya daɗe yana tafiya kafin ya taɓa ruwa. Wani sanyi ya taso ya shafi fuskarsa, da ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Rabonsa da jin wannan ƙamshin har ya manta. Da ya ja gugan sai ya ji ya yi nauyi fiye da ƙima, amma da gugan ya iso, ruwan rabi ne kawai. Ya ce tsufa ne. Ya cika jarka ya kama hanya, ruwan na kaɗawa a ciki. Ya tsaya a gindin bene don ya huta, ya ajiye jarkar a ƙasa. Ruwan bai daina kaɗawa ba.

Yana shiga gida waya ta yi ƙara. Yayar Auta ce.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya dai ba kyau. Baba, ka ba da macijin nan ka taho wurinmu. Ɗaki na nan a share."

"In ta warke, ma yi magana."

Ya ajiye wayar ya shiga ɗakin Auta. Komai na nan yadda mai shi ya bari, har rigarsa a jikin ƙusa. Jar fitilar akwatin na ci. Uwar Ɗaki na naɗe a kusurwa, ta juyo da fararen idanunta inda ta ji motsi.

Ya cika kwalbar feshin da yake yayyafa wa kaya kafin guga. Ya fesa a ɓawon kwakwar da aka shimfiɗa mata, ya fesa a gilashi, ya canja mata babban kwanon ruwa ya matsar da shi kusa da fitila. Allura ta ɗan motsa, ta koma. Iskar garin na shanye laimar kafin ta zauna.

Nan fa zuciya ta ɗebe shi. Tela ne, tsumma ba ya yi masa wuya. Ya kwaso ƙyallaye ya jiƙa, ya cusa a ƙarƙashin ƙofa, ya bi gefen taga ya toshe kowace kafa. Ya rataya jiƙaƙƙen bargo a kan igiya. Ya ɗauko tawul ya lulluɓe ragar saman akwatin ruf, wadda iska ke shiga ta cikinta. Sauran ruwan ya juye a baho ya ajiye a tsakar ɗaki. Garin neman gira akan rasa ido, amma wanda tsoro ya kama ba ya tuna karin magana.

Allura ta tashi. Ta kai tsakiya.

"Yauwa," in ji Tela. "Uwar Ɗaki, yau kin samu damina."

Ya zauna a bakin gadon Auta. Gilashin taga ya yi gumi. Ƙamshin rijiyar ya cika ɗakin. Allura ta wuce inda Auta ya yi mata alama da jan biro, ba ta tsaya ba.

Sai ya ji ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Ya ɗaga kai. Rufin ɗakin ne ke zubar da ruwa, alhali sama da shi ba kowa sai sarari.

Ruwan bahon ya motsa. Ba wanda ya taɓa shi.

A kan siminti, daga bakin baho, wani jiƙaƙƙen sawu ya bayyana. Ƙafa ce ba takalmi. Sai ta biyu a gabanta. Suka nufi gado. Katifar ta lotsa a gefensa, sanyi ya ratso wandonsa.

"Baba."

A hankali aka faɗa, dab da kunnensa. Muryar Auta ce, har da 'yar shaƙewar nan tasa ta mai mura.

Tela bai juya ba. Ya san wanda ya tafi ba ya dawowa, shi da hannunsa ya sa yaron a ƙasa. Amma kunne ba ya jin wa'azi. Hawaye suka zubo masa. Shekara guda ba wanda ya kira shi da wannan muryar, kuma gaskiyar magana, daɗi ya ji.

"Baba, ka rame."

"Ba mai dafa mini," ya ce da raɗa.

"Ga ni ai. Can ƙasa ruwa na janyewa, Baba. Ni kaɗai ne. Kai ma kai kaɗai ne. Mu zauna."

Numfashi ya fara yi wa Tela nauyi, kamar an ɗora masa jiƙaƙƙen bargon a fuska. Ruwa na gangarowa a bango. Cikin akwati, Uwar Ɗaki ta warware. Ta miƙe tsaye tana dukan tawul ɗin da hanci. Ta buɗe baki tana neman iska.

"Akwai sauran kafa a saman taga," in ji muryar. "Toshe ta. Ƙara mata wani tawul a kai. Kar iska ta shigo ko kaɗan."

Tela ya miƙe. Ya ɗauki tsumma. Har ya kai hannu.

Sai ya tsaya.

Ya tuna wata rana da ya ɗora kwalin zare a kan ragar akwatin nan. Auta, yaron da bai taɓa ɗaga masa murya ba, ya zaburo kamar zai faɗi. "Baba, don Allah! Laima daban, toshewa daban. In ka hana ta iska, huhunta zai ruɓe. Ko me za ka yi, bar mata hanyar iska."

Tsumman ya faɗi daga hannunsa.

"Auta ba zai ce haka ba."

Ɗigar ta tsaya.

"Baba." Muryar ta kumbura, kamar daga ƙarƙashin ruwa. "Toshe."

Ya yi ta'awizi. Ya fizge tawul ɗin, ya ɗage murfi. Shi da bai taɓa riƙe ta ba sai da sanda, ya sa hannu biyu ya sunkuto mesar, ya zura ta a jiƙaƙƙiyar rigar matashi, ya rungume a ƙirji.

Ya ja ƙofa. Katako ya sha ruwa ya kumbura. Ko gezau.

Wani abu mai sanyi ya kama idon sawunsa. Yatsu ne. Masu laushi, kamar ba ƙashi a ciki.

Ruwa ya kai masa ƙwauri.

Hannunsa ya lalubo dutsen guga a kan tebur.

"Baba, kar ka..." Muryar Auta ce sak, tana kuka. "Baba, zan bushe."

Ya runtse ido. Ya wurga.

Gilashin taga ya tarwatse. Busasshiyar iskar garin, wadda ya yini yana tsine wa, ta faɗo ɗakin. Aka yi wata ƙara irin ta ɗigon ruwa a kan dutsen guga mai zafi, sai dai doguwa, da murya a cikinta. Yatsun suka saki. Ya daki ƙofar da kafaɗa, ta buɗe, ya faɗa waje da Uwar Ɗaki a hannu.

A kan matakalar bene ya ga wayewar gari, rigar matashin a cinyarsa. Yana jin mesar na ta murzawa a ciki. Da haske ya fito ya kwance bakin. Ta zaro kai. Tsohuwar fatar ta saluɓe ta zauna a jikin yadin, har da 'yan ƙananan faya-fayen ido guda biyu. Idanunta baƙi wuluk, suna ƙyalli. Ta dube shi, ta fito da harshe.

Ɗakin kuwa ya bushe ƙayau, baho ba ko ɗigo. A gefen gado, inda katifa ta lotsa, ya tarar da wata saɓar, siririya kamar takarda. Wannan tana da yatsu biyar. Yana taɓa ta da tsintsiya ta zama gari.

Ya gaya wa yayar Auta cewa taga ce ta fashe, bai ƙara komai a kai ba. Bai sa sabon gilashi ba, raga ya buga. Yanzu ruwan famfo yake tarawa ya bar shi ya kwana a waje har warin ya fita, sannan ya fesa, ƙofa a buɗe. Ya yi wa Uwar Ɗaki ɗan kwano mai murfi da jiƙaƙƙen ƙyalle a ciki, ta shiga in ta so, ta fita in ta so.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne yana kewar muryar. Ya san ba Auta ba ne, amma ta ce masa ya rame, kuma ba wanda ya lura sai ita. Wani lokaci da magariba, in ya gama feshi allura ta hau, yakan tsinci kansa tsaye da tsumma a hannu yana kallon ragar tagar. Sai Uwar Ɗaki ta ɗago kai ta zuba masa idanun nan da ya ceto. Shi kuma ya ninke tsumman, ya mayar cikin kwando.